Sifirin ɗin Shokozoba: Baka ne a Ɗame

A ƙasar Tsanyawa, kamar sauran karkarar arewacin Jihar Kano, babur ne jakin wannan zamani. Shi ke kai buhunan gero da gyaɗa kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Duk wannan nauyi kuwa, da dukan ramukan hanya, a kan ƙarafa biyu na baya yake sauka, waɗanda makanikai ke kira shokozoba.

Shokozoba abu biyu ne a haɗe. Akwai sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ake gani a waje, wanda shi ke ɗaukar nauyi. A cikinsa kuma akwai bututu mai ɗauke da mai da fistin, aikinsa shi ne ya hana sifirin yin ta tsalle bayan an faɗa rami. In mai ya tsiyaye, ko robar da ke tare shi ta cinye, ba a isa ga bututun sai an cire sifirin. A nan ne hatsarin yake, kuma a nan ne sau da yawa ake barin yaron gareji da sukudireba da igiya da ƙarfin damtse.

A shekarar 1678 wani masanin kimiyya na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa ƙarfin da sifirin ke turowa yana ƙaruwa daidai da yawan matsawar da aka yi masa. Alal misali, a ce kowace santimita ɗaya tana bukatar nauyin kilo 20. In an matse shi santimita 3, to nauyin kilo 60 ke nan yake turowa, fiye da buhun siminti. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne, ƙarfin da ke taruwa a cikinsa ba ninki biyu yake yi ba in an ninka matsawar, ninki huɗu yake yi. Tun daga masana'anta kuwa a matse ake ɗaura shi, saboda haka ko an kwance shokozoba an ajiye a ƙasa, sifirin yana nan kamar baka a ɗame. Da zarar an kwance notin sama ba tare da an riƙe shi ba, noti da zoben da ke tokare shi su ne kibiyar, fuskar mai aiki kuwa ita ce mafi kusa.

Maganin ba tsada gare shi ba. Na'urar matse sifirin ba wani abu ba ce illa dogayen ƙusoshi biyu masu noti, da ƙugiya a kowane kai. Mai walda da ya san aikinsa zai iya haɗa ta, muddin ƙarfen mai kauri ne kuma ƙugiyar ta kama sosai. Da farko a mayar da zoben daidaita tauri zuwa matakin da ya fi laushi. A ɗaure shokozoban kada ya motsa, a maƙala ƙugiyoyin daura da juna, a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, har zoben sama ya saki. Sakin ma da sannu ake yinsa, kuma kan ƙarfen ba ya kallon kowa.

Wani maigidan gareji zai ce ya shekara ashirin yana cirewa da hannu, lafiya lau. Mai yiwuwa ne, domin sifirin ƙaramin babur bai kai na mota ƙarfi ba. Amma hannunsa ya san inda ƙarfe ke zamewa, na yaron da ya zo koyo bara bai sani ba, kuma yaron ake turawa. Ya kamata shugabannin makanikai su mayar da wannan na'ura sharaɗi kafin a yaye almajiri, kamar yadda ba a yaye shi babu sifana. Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Bichi, maƙwabciyar Tsanyawa, na iya zana samfuri ɗaya ingantacce da masu walda za su riƙa kwaikwayo.

Akwai kuma wani nau'in shokozoba da ake ɗura wa iskar nitirojin a matse. Wannan ko bayan an cire sifirin ba a kusantar da shi ga wuta, ba a huda shi, ba a kuma yi masa walda, domin yana iya fashewa a hannun mai gyara.