Masaukin Baƙo A Dausayin Haɗeja: Jigawa Ko Fadama?

Makon jiya wani abokin karatuna da yake koyarwa a Zariya ya kira ni da daddare. Bayan mun gaisa, mun tambayi juna iyali, sai ya ce yana shirin kawo ɗalibansa dausayin Baturiya cikin watan Janairu don su ga tsuntsaye, ya gama maganar mota da ta abinci, abu ɗaya ne ya rage masa: a ina za su kwana? Na ce masa ya ba ni kwana biyu. Ya yi dariya, ya ce ashe tambayar wurin kwana ma sai an yi mata nazari. To, sai an yi, domin a wuri irin wannan inda ka kwana shi ne yake yanke abin da za ka gani, kuma shi ne yake yanke wanda zai amfana da zuwanka.

Ga wanda bai sani ba, dausayin Baturiya yana yankin Kirikasamma, gabas da birnin Haɗeja, kuma ɓangare ne na babbar fadamar nan ta Haɗeja da Nguru, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. A shekarar 2008 aka sanya Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, tare da tafkin Dagona da ke Jihar Yobe. A ƙarshen 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da amincewa da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, cikinsu har da Baturiya, da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina. Sunan yankin ya daɗe da fita waje. Tun 1989 Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona kallon tsuntsaye, lokacin da yawancinmu ba mu ɗauki kirinjijiya a bakin komai ba sai nama.

Zuwana na farko da ɗalibai, a cikin gari muka sauka. Na zaɓi haka ne da hankali irin na malamin da aka damƙa wa 'ya'yan mutane: akwai wuta, akwai ruwa, akwai ƙofa mai makulli, asibiti yana kusa. Muka yi shiri za mu tashi da an sallame Asuba. Direba ya makara, wasu ɗalibai suka ce sai sun sha shayi, motarmu ta kafe a yashi har sau biyu. Ko da muka isa bakin ruwa hantsi ya dubi ludayi. Mun ga balbela, mun ga zalɓe guda yana tsaye kamar wanda aka ba ajiya, mun ga shanu. Wani masunci da yake gyaran kalli ya dube mu da na'urorin hangen nesa rataye a wuya, ya ce, "Malam, ai kun zo bayan an tashi kasuwa." Ɗalibaina suka rubuta rahoto a kan abin da suka karanta a littafi, ni kuma na ba su maki ina jin kunyar kaina.

Dalilin a fili yake. Tsuntsun ruwa yana da lokacinsa. Agwagin da suke tasowa daga Turai da arewacin Asiya, su keto Sahara don guje wa sanyin can, da dinya da kirinjijiya na gida, duk hada-hadarsu tana tsakanin fitowar alfijir da ɗagowar rana, sai kuma daf da magariba. Da rana ta take sai su lafe can cikin ruwa inda ƙafa ba ta kaiwa. Awa biyun nan na safe su ne tafiyar gaba ɗaya, kuma wanda ya kwana nesa a hanya zai cinye su.

Zuwa na biyu sai na sake dabara. Na bi ta hannun wani tsohon ɗalibina ɗan yankin, muka je muka gaida Bulaman wani ƙauye da ke bakin fadama. Na ce, "Ranka ya daɗe, baƙunta muka zo, kwana biyu." Ya ce, "Malam, zaure ai na baƙo ne, amma sauronmu ba ya jin sanyi." Aka ba maza zaure, mata kuma aka shigar da su cikin gida. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. Kafin kiran sallar fari na farka saboda sanyin hunturu da ya ratsa bargo, sai na ji wani sauti daga gabas, kamar ana zuba tsakuwa a kwano daga nesa. Bayan salla yaron Bulama ya sa mu a kwalekwale. Hazo yana kwance kan ruwa, goruba tana fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Da gari ya fara wayewa sai garken kirinjijiya ya tashi da fito, wani ya biyo bayansa, har sama ta yi duhu-duhu ta gefen da rana za ta ɓullo. Wata ɗaliba da ta yi ta ƙorafin ƙura tun daga Dutse ta yi shiru, ta manta ma da wayar da ke hannunta. Ban koyar da komai ba a safiyar nan. Yaron da yake tuƙa mu ne ya yi darasin, yana nuna mana wane tsuntsu ne ɗan gida, wane ne baƙo, da inda kachala ta toshe hanyar da mahaifinsa yake bi da jirgi a da.

Kada mai karatu ya ɗauka ina ƙawata kwanan ƙauye ne irin na ɗan birnin da ya je yawon ido. Akwai wahala a ciki. Ruwan sha sai da muka ɗauko daga gari. Makewayi ɗaya ne ga mutum kusan ashirin. Ɗaya daga cikin yaran ya koma da zazzaɓi duk da gidan sauro. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne ɗawainiyar da muka ɗora wa mai gida: ya ciyar da mu daga rumbunsa, da na miƙa masa abin da ya sawwaƙa ya ƙi karɓa, sai da na ce na cefanen iyali ne. Karamci irin wannan yana ɗaukar baƙi ashirin sau ɗaya a shekara. Ba zai ɗauki motoci goma kowane mako ba, kuma rashin adalci ne a gina yawon buɗe ido a kan kunyar talaka.

Saboda haka dole a gina masauki, tambayar ita ce a ina. Duk wanda ya taɓa zuwa Yankari a Jihar Bauci zai ce amsar mai sauƙi ce: a yi kamar sansanin Wikki, ɗakuna a tsakiyar daji, ka buɗe ƙofa ka ga gwaggon biri, ka gangara ka yi wanka a ruwan ɗumi. A gandun Kruger na Afirka ta Kudu, wanda faɗinsa ya kusa na Jihar Jigawa baki ɗaya, haka tsarin yake: sansanoni irin su Skukuza da Satara suna ciki, an kewaye su da shinge, ana rufe ƙofa da faɗuwar rana, kuma maziyarci yana zaɓar sansani ne gwargwadon dabbar da yake son gani. Na san akwai jami'ai da 'yan kwangila da wannan hoton ne a ransu idan aka ambaci gandun dajin Haɗeja. Ina ganin kuskure ne, kuma kuskure mai tsada.

Yankari ƙasa ce tsayayya, Baturiya kuwa ruwa ne mai yawo. Inda ka taka busasshiyar ƙasa a watan Maris, a watan Satumba sai da jirgi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya: ambaliyar damina da ta saba shimfiɗuwa ta janye a kan lokaci ta ragu, wasu magudanan kuma suka koma riƙe ruwa duk shekara, kachala ta samu wurin zama ta toshe su, ruwan ya riƙa fasawa ta inda ba a zata ba. Wanda ya ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gonaki da gidaje a masarautar Haɗeja ba zai sa hannu a zuba siminti a tsakiyar fadama ba. Ko Skukuza, da duk kuɗin Afirka ta Kudu, ruwa ya yi mata ɓarna a shekarar 2000. Ga kuma janareta da fitilu da ƙazantar makewayi, a daidai wurin da tsuntsun da ya keto hamada yake neman ya huta. Mutanen yankin sun warware wannan matsala tun kaka da kakanni. Suna noma da su a fadama, suna kwana a jigawa. Dubi ƙauyukan da kyau, za ka ga galibinsu a kan tudun yashi suke zaune. Jihar ma daga wannan kalma ta samo sunanta.

Batu na biyu ya fi na ruwa nauyi. Wannan daji da mutanensa. Akwai masunta, akwai manoman shinkafa da alkama da tattasai, akwai Fulanin da suke gangarowa da shanu da rani, akwai mata masu yankan kaba suna saƙa tabarma da igiya. Hausawa, Mangawa, Badawa da Fulani duk a nan suke ci. Da zarar an kafa katafaren masauki a ciki, abin da zai biyo baya shinge ne, sannan mai gadi, sannan dokar hana jirgin masunci wucewa don kada ya ɓata wa baƙo hoto. Kruger ɗin da ake misali da shi ya bi ta wannan hanya: a 1969 aka tashi al'ummar Makuleke da ƙarfi daga arewacin gandun, sai a 1998 aka mayar musu da mallakar ƙasarsu, kuma yanzu masaukan da ke wannan yanki suna biyan al'ummar wani kaso. Shekara kusan talatin suka yi kafin a gyara. Ita kanta yarjejeniyar Ramsar da muke taƙama da ita, tun 1971 da aka ƙulla ta a Iran, a kan amfani da dausayi cikin hikima ta ginu, ba ta ce a kori masu shi ba. Masuncin da aka hana shi ruwa ba zai kai rahoton mai harbin dinya ba, wataƙila ma shi zai nuna masa hanya.

Abin da nake ba Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa da Gwamnatin Jigawa shawara a kai ƙarami ne, shi ya sa nake tsoron ba zai burge masu rubuta kasafi ba. A zaɓi ƙauyuka biyu ko uku da ke kan tudu a gefen dausayin. A kowanne a gina ɗakuna shida zuwa takwas, da rijiyar burtsatse, da wutar sola, da makewayi mai tsabta, ɓangaren mata daban. Rijiyar ta zama ta baƙo da ɗan gari. A sa farashi a rubuce, domin a fitar da mai gida daga kunyar karɓa, a fitar da baƙo daga kunyar bayarwa. Abinci ya fito daga hannun matan garin, jagora da mai jirgi su zama 'ya'yan garin da aka horar. Cikin fadamar kuwa kada a kafa komai da ya wuce rumfar leƙe ta kara da itace, wadda in ruwa ya cinye ta bana za a sake ɗaura wata baɗi. Wanda ba ya iya barci sai da na'urar sanyaya ɗaki, Haɗeja tana nan da otal-otal ɗinta, kuma ba laifi ba ne. Sai dai ya san zai tashi ƙarfe huɗu na dare.

Wani zai ce Bature mai dala ba zai kwana a irin wannan wuri ba. Masu bin tsuntsaye da na sani sun fi damuwa da nisan gado da bakin ruwa fiye da laushin katifa. Ban da haka ma, baƙon da ya kamata mu fara lissafawa shi ne ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da ɗan sakandaren Malam Madori wanda bai taɓa sanin cewa tsuntsun da yake gani a gonar shinkafarsu daga wata nahiya ya zo ba.

Shekaranjiya na kira abokina na ba shi amsa. Na ce daren farko su kwana a Haɗeja su huta gajiyar hanya, su sayi ruwa da gidan sauro da maganin zazzaɓi. Dare na biyu su kwana a ƙauye, amma ya aika tun da wuri a nemi izinin ma'aikatan gandun da na Bulama, ya rage yawan ɗaliban zuwa goma sha biyar, ya tafi da buhun shinkafa da mai da goro a matsayin gaisuwa, kuɗin mai jirgi kuma a yanke shi tun da daddare a gaban mutane. Ya tambaye ni ko zan raka su. Na ce in jarrabawar zangon farko ta bar ni zan same su a Kirikasamma, da bargo biyu.