Ɗigo Miliyan Takwas da Nisan Kujera

Lambar da mai sayar da talabijin ke taƙama da ita ita ce 4K. Ma'anarta allon na ɗauke da ɗigon haske 3840 a kwance, 2160 a tsaye, jimilla sama da miliyan takwas, ninki huɗu na allon 1080p. Lissafin gaskiya ne, amma mai son buga wasan bidiyo a falonsa ya kamata ya auna nisan kujerarsa kafin ya zaro kuɗi.

Gani yana da iyaka. A allo mai inci 55, da zarar mutum ya zauna nesa da mita biyu da 'yan kai, ɗige-ɗigen 1080p ma sun riga sun haɗe a idonsa, ƙarin da 4K ya kawo da ƙyar yake isowa. Kujerun falo kuwa galibi don baƙi ake jera su, can a jikin bango. Wanda zai matso kusa, ko ya sayi inci 65 zuwa sama, shi ke cin moriyar.

Na'urorin wasan ma suna da nasu ƙarfin. PlayStation 5 da Xbox Series X, waɗanda suka fito a Nuwamban 2020, suna iya fitar da 4K, sai dai wasanni masu nauyi kan tilasta zaɓi: ko hoto mai kaifi sau 30 a daƙiƙa, ko motsi mai santsi sau 60 da ragin ɗigo. Mark Cerny, jagoran ƙera PS5, ya faɗa a 2024 cewa kusan sau uku cikin huɗu 'yan wasa santsin suke zaɓa.

Duk da haka sayen 4K ba asara ba ne, domin kamfanoni sun daina zuba fasaharsu a allunan 1080p. Abin dubawa shi ne HDR na gaske, wanda ke sa dare ya yi duhu, wuta ta yi haske, sai mashigar HDMI 2.1 mai ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa, da tsarin da ke rage jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin allo. Talabijin mai araha kan rubuta HDR a kwali alhali haskenta bai kai ba.

Batun 8K kuwa, mai ɗigo miliyan 33, a bar shi tukuna. Sony da kanta ta cire tambarinsa daga kwalin PS5 a 2024.