Malamar Lahadi Ba Uwar Ɗanki Ba Ce

'Yan'uwana mata, uwargida da amarya, har da ke budurwa mai jiran naki lokacin. Yau da ku nake. Na san wasu za su murguɗa baki, to a murguɗa, maganar dai sai na faɗe ta.

Na yi shekaru ina koyar da yara a makarantar Lahadi a ƙasar Yawuri, daga cikin garin Yelwa har ƙauyukan bakin ruwa na wajen Ngaski da Shanga, kuma babban abin da na koya shi ne iyaye mata da yawa sun ɗauki wannan makaranta wurin jibge hayaniya. Uwa ta sha ankon Zumuntar Mata, ɗauri ya kai ɗauri, ta jawo yara huɗu ta tura gindin dalbejiya, ta ce "Malama, ga 'ya'yanki nan," ta shige coci ta nemi kujera kusa da fanka. An tashi, ba za ta tambayi me aka koya ba. Amma ranar da yaro ya zare kuɗin cefane ko ya zagi kakarsa, sai ka ji ta, "Wai me kuke koya musu ne a can?"

Haba baiwar Allah! Mako guda awa 168 ne. Nawa rabon awa ɗaya ne, in an ci sa'a ɗaya da rabi, a ciki nake share majina, in raba faɗa, in raka mai jin fitsari. Sauran awoyin duk a hannun wa yaron yake?

Ita kanta makarantar ba don ta maye gurbin uwa aka ƙirƙiro ta ba. Wani mai buga jarida, Robert Raikes, shi ya fito da ita a garin Gulosta na Ingila a 1780, saboda yaran talakawa da ke wuni shida suna aiki a masana'antu, ba su da ranar koyon karatu sai Lahadi. Taimako ne aka kai wa marasa gata. Mu kuwa da ranmu da lafiyarmu mun mai da 'ya'yanmu marasa gata da gangan.

Ku dubi maƙwabtanmu Musulmi mana. Yaro ya je makarantar allo da safe, ya koma da yamma, uwa ta ba shi kuɗin Laraba ya kai wa malam, da dare ta ce ya biya mata karatunsa ta ji. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da su, kullum muna jin muryar yaran, amma ko kishi bai kama mu ba.

Ga kuma maganar harshe, wadda ta fi ci mini rai. Da Hausa muke sujada, da Hausa muke waƙa, Littafi Mai Tsarki ma tun 1932 yake cikin Hausa, mun gode Allah. Amma yaron ƙauye ɗan shekara biyar, Gunganci ko Kambarci ko Dukkanci yake ji a gida, da shi yake kuka, da shi yake mafarki. Zai haddace miki aya tsaf kamar aku, ya tsaya gaban jama'a ranar Kirsimeti ya rattabo, a yi ta tafi, uwa tana guɗa. Ki ja shi gefe ki ce mene ne tuba, mene ne alheri, sai ya zuba miki ido. Ni ba na jin dukan harsunan nan. Ke kina jin naki. Minti biyar kina tuƙa tuwo kina juya masa labarin da harshen da ya sha a nono ya fi wata guda na ihuna a gindin bishiya.

Kuma tambayar yaro ba ta jiran Lahadi. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara, mutane masu yawa suka halaka. Ba a gama kukan ba, ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. A makonnin nan yara suka dinga zuwa mini da tambayoyin da suka kwana da su: ina wanda ruwa ya ci yake tafiya, Allah yana ganin cikin daji, in sun zo gidanmu ina za mu ɓuya. Da na ce sun tambayi mama, amsar ɗaya ce, "Ta ce in bari sai Lahadi in tambayi Malama." Yaro yana rawar jiki da tsakar dare ranar Talata, ki ce ya jira Lahadi? Ba amsar malaman tauhidi yake nema ba, so yake ki rungume shi ki yi addu'a da shi.

Na san abin da za ku ce. Aiki ya yi yawa, ga bandar kifi, ga ban ruwan albasa, ga kasuwa, ga maigida. Gaskiya ne, matar bakin ruwa ba ta san hutu ba, ban raina wahalarku ba. Wata kuma ta ce ai ita ba ta yi boko ba. To kakanninmu da aka taso daga gungu aka kai sababbin ƙauyuka lokacin da ruwan Kainji ya hau a 1968, boko suka yi? Ba su ne suka cika mu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi har yau ba mu manta ba? Wadda ta iya "ga ta nan ga ta nanku" ta iya labarin Yusufu da 'yan'uwansa. Labarin Yunana ma 'ya'yan masunta sun fi kowa son sa, har gardama suke wai ko giwan ruwa ce ta haɗiye shi. Manzo Bulus da ya yabi bangaskiyar Timoti, sunan kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya kira, bai ambaci wata malama ba.

Dattawan ikilisiya ma ba su tsira ba. A tara kuɗin janareto da amsa-kuwwa da fenti, yara ko alli babu, tabarma ta yage, damina ta zo a rasa inda za a sa su. Amma wa zai tashi ya yi magana a taro in iyayen yaran sun yi shiru? Ku da kuke tara kuɗin anko cikin mako biyu, bencin yara ne zai gagare ku?

Ga abin da nake roƙo. Lahadi mai zuwa, a hanyar komawa gida, ki tambayi yaronki labarin wa aka ba su, ki bar shi ya faɗa har ƙarshe ko da ya cakuɗa. Sau ɗaya a wata kuma ki bar kujerar fanka, ki zo gindin dalbejiya ki zauna tare da mu, ki riƙe mini ƙananan ina koya wa manyan.