Ƙaryar da muke rubutawa a CV, da gaskiyar da muke ɓoyewa



Makon jiya wani ƙanena daga Falanko ya turo mini CV ɗinsa ta WhatsApp, ya ce: "Yaya, duba mini kafin in aje dosiye." Wata ƙungiya ce ke neman masu bi gida-gida suna tattara bayanai a karkarar Tanut da Belbeji. Ina buɗewa na ga ikon Allah. Yaron da na san bara ya gama karatu, ga shi da "shekara uku na ƙwarewa". Ya ce ya laƙanci Excel, ya ce Turancin Ingilishi kamar ruwa. Na kira shi na ce: "Kai, yaushe?" Ya yi dariya ya ce mai buga takardu ne ya cika masa, wai kowa haka yake yi.

Na san dalilinsa, kuma ba zan raina shi ba. Ka gama Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ka yi rajista a ANPE, ka zauna jira. Duk sanarwar da ta fito sai a ce ana son mai shekara biyu ko uku yana aiki. To wanda ba a taɓa ɗauka ba, ina zai samo shekarun? Ga matatar SORAZ nan kan hanyar Tanut tun 2011, kowane matashin Damargu na hangenta, amma ba za ta ɗauke mu duka ba. Matsi gaskiya ne.

Sai dai ku tambayi kanku: in ƙaryar ta ci, wa zai biya kuɗinta? Ba mai ofis ba ne a Yamai. Yaron ƙauye ne da aka tura wa malamin da bai iya abin da takardarsa ta ce ya iya ba. Matar da ta yi tafiya a amalanke zuwa likita ce, ta faɗa hannun wanda ya sayi shaidar sitaj. Sannan akwai abokin karatunka da ya rubuta gaskiya, kai ka haye kujerarsa.

Mun ga wannan a ƙasar nan. A watan Yuli na 2017, lokacin da Daouda Mamadou Marthé ke ministan ilimin firamare, an yi wa malaman kwantaragi jarrabawar gwaji. Ƙungiyoyin malamai sun yi adawa da tsarin, kuma suna da hujjojinsu. Amma sakamakon ya girgiza kowa: mafi yawan waɗanda suka zauna ba su kai matsakaicin maki ba, alhali kowa da takardarsa aka ɗauke shi. Takarda ta ce ya iya, allo ya ce a'a.

Kuma kada ka ce ai ba a ganewa. A Najeriya, Salisu Buhari ɗan Kano ya zama kakakin majalisar wakilai a 1999. Ya ce ya yi digiri a Jami'ar Toronto ta Kanada, ya kuma ƙara wa kansa shekaru. Wata mujalla ta tono, jami'ar ta ce ba ta san shi ba, ya sauka a watan Yuli na shekarar yana hawaye. In wannan ya faru kafin zuwan Facebook, ina ga yau? Balle a Damargu, inda direban ƙungiyar ma ya san babanka, ya san shekarar da ka ci Bak.

Abin da ya fi ba ni haushi a CV ɗin ƙanen nan, gaskiyar da ya jefar ce. Yana jin Hausa, yana jin Buzanci, yana taɓa Fillanci, bai rubuta ba. Ya yi aikin rigakafin shan inna sau biyu, ya san rugage da rijiyoyi da ranakun kasuwa, bai rubuta ba. Shekara huɗu shi ke riƙe da littafin bashi a shagon kawunsa, bai rubuta ba, wai "ba aiki ba ne". Alhali mai neman wanda zai shiga daji ya yi magana da makiyayi, wannan yake nema. Mun zauna mun sake rubutawa. Shafi ɗaya ya fito, kuma babu layin da zai ji tsoron a tambaye shi a kai. Excel kuwa muka sa "ina koyo", ya kuma fara koyon.

Ku ma masu ɗaukar aiki, da sauranku. In aikin na matakin farko ne, ku daina neman shekara uku. Ku yi gwaji a fili, ku kira wuraren da mutum ya ce ya yi aiki, ku liƙa sakamako kowa ya gani. Muddin "wa ka sani" ya fi "me ka iya", kuna koya wa yara ƙarya ne da kanku. Masu sa hannu da hatimi a shaidar aikin da ba a yi ba, ku sani da ku ake cutar da talaka.

Kai kuma ɗan uwa, ke ƴar uwa, yau da dare buɗe CV ɗinka ka karanta layi-layi. Duk layin da ba za ka iya maimaitawa gaban malamin da ya koyar da kai ba, goge shi. Sannan ka tuna ayyukan da ka raina, ka rubuta su.

Allah ya ba mu aikin halal.