Shugaba Tun Yana Ɗalibi Ake Renonsa

Sanin kowa ne cewa a kowace shekara, kafin 'yan aji shida su shiga jarrabawar fita, makarantunmu na sakandare sukan naɗa sababbin shugabannin ɗalibai daga cikin 'yan aji biyar. A daidai wannan lokaci kuma Zumuntar Ɗalibai Kirista, wadda aka fi sani da FCS, takan zaɓi nata shugabannin: shugaba da mataimakinsa, magatakarda, ma'aji, da mai kula da addu'a. Akan kira su gaba, a yi musu addu'a, a miƙa musu littattafan zumunta da ɗan abin da ya rage a asusu. Idan labari ya kai gida iyaye su yi farin ciki, uwa ta faɗa wa 'yan'uwanta a zumuntar mata cewa ɗanta ya zama shugaba.

Wannan farin ciki ba laifi ba ne. Amma muna ganin ya kamata mu tsaya mu tambayi kanmu, shin yaron nan ya zama shugaba ke nan, ko kuwa muƙami kawai aka ba shi? Muƙami a rana ɗaya ake ba da shi. Halin da zai riƙe muƙamin kuwa shekaru ake yi ana gina shi, idan kuma ba a gina shi ba, muƙamin ne zai fara tona asirin mai shi.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san abin da muke nufi. Yaron da bara yake kuka saboda manya sun ƙwace masa garin kwaki da sukari, bana da aka ba shi iko sai ga shi da bulala, ƙanana suna ɗebo masa ruwa suna wanke masa kaya. Ma'ajin zumunta ya ranci kuɗin baiko da niyyar zai mayar idan an aiko masa daga gida, zango ya ƙare bai mayar ba, babu kuma wanda ya tambaye shi. Shugaban zumunta kullum yana wajen taro, littattafansa suna kwance cikin akwati, sakamako ya fito a ga ya faɗi Lissafi da Turanci. Abin takaicin shi ne, waɗannan yara su ne bayan shekara 15 ko 20 za mu zaɓa dattawan ikkilisiya, mu tura su kansila, mu danƙa musu asusun gini. Sa'an nan mu zauna muna mamakin inda kuɗi suka shiga. Ai Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Domin mu ga yadda ɗalibi yake girma har ya zama shugaba na gari, ba sai mun nemo misali daga nesa ba. Mu dubi rayuwar marigayi Dakta Byang Kato, ɗan ƙasar Jaba a kudancin Jihar Kaduna. An haife shi a Kwoi a shekarar 1936, a gidan da ake bin addinin gargajiya, har mahaifinsa ya keɓe shi tun yana ƙarami domin aikin tsafi. Yana ɗan makaranta ya ba da gaskiya ga Almasihu, aka yi masa baftisma a 1948. Mahaifinsa bai ji daɗin wannan ba, ya janye hannunsa daga ɗawainiyar karatunsa. Yaron bai bar makaranta ba. Ya riƙa yin aikin gona, yana kuma yi wa 'yan mishan aiki domin ya sami kuɗin makaranta da sutura. Ya shiga ƙungiyar samari ta Boys' Brigade, inda ake koya wa yaro tsayawa a layi da bin umurni tun kafin a ba shi damar umurtar wani.

Daga nan ya shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, ya gama a 1957. Ya yi koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki, ya kuma yi aiki da mujallar African Challenge a Legas. Jarrabawar GCE kuwa ta hanyar wasiƙa ya yi karatunta, alhali yana aiki, yana kuma da iyali. Da ita ya sami shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan a 1963, ya sami digirinsa a 1966. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Ikkilisiyar ECWA ta ɗora shi a kan kujerar Babban Sakatare, bai wuce shekara 31 a duniya ba. Ya ƙara komawa karatu a Dallas ta ƙasar Amurka a 1970. A 1973 aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska, shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan muƙami. Ya rasu a watan Disamba na 1975 a bakin teku kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya, yana da shekara 39. Manyan makarantun tauhidi da ya yi ta kira a kafa wa Afirka, bayan ransa aka buɗe su, ɗaya a Bangi a 1977, ɗaya a Nairobi a 1983.

Abu biyu muke so mai karatu ya lura da su a wannan tarihi. Na farko, daga ranar baftismarsa zuwa ranar da ya hau kujerar Babban Sakatare shekara 19 ne, kuma a waɗannan shekaru babu abin da ya cika rayuwarsa sai ƙananan ayyuka: fartanya, allo da alli, amsa tambayoyin jarrabawa da dare bayan an tashi aiki. A cikinsu ne ya koyi tashi da wuri, da cika alkawari, da gama abin da ya fara ko babu mai sa masa ido. Na biyu, wanda mukan manta da shi, shi ne akwai dattawan da suka yarda suka danƙa ragamar ikkilisiya a hannun matashi ɗan shekara 31 a lokacin da ƙasa take cikin wuta. Ba su yi haka da ka ba. Sun gan shi a ƙaramin aiki shekara da shekaru, sun san abin da zai yi da babba.

Haka ma yake a cikin Littafi Mai Tsarki. Joshuwa ya daɗe yana yi wa Musa hidima kafin ya ja Isra'ila su haye Urdun. Manzo Bulus ya ɗauko Timoti daga Listira yana saurayi, ya yi ta yawo da shi, ya aike shi Tasalonika, ya aike shi Korinti, kowace tafiya da saƙon da zai kai da rahoton da ake jira, kafin daga baya ya bar shi a Afisa ya daidaita al'amuran ikkilisiya. Aiki ne aka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ana duba yadda ya yi, ana ƙara masa.

To, a nan ne muke ganin ikkilisiyoyinmu da yawa suna da saura. Ɗalibanmu sukan dawo gida dogon hutu, su yi wajen mako shida ko fiye, amma ba mu san abin da za mu yi da su ba ban da share majami'a da jera kujeru. Yarinyar da ke rubuta rahoton taron zumunta a makarantarsu, a gida aikinta bai wuce ɗebo ruwa ranar biki ba. Yaron da ke tsayawa gaban ɗalibai 300 ya bi da sujada, a ikkilisiyarsu ko karatun Littafi ba a taɓa ba shi ba. Idan an yi magana sai a ce yaro yaro ne, zai ɓata. Babu shakka zai yi kuskure. Amma kuskuren ɗan shekara 17 a kan lissafin baikon makarantar Lahadi, dattijo ɗaya zai gyara shi cikin minti goma. Kuskuren ɗan shekara 45 a kan asusun gini, wanda bai taɓa koyon lissafta kuɗin jama'a ba, shi ne yake raba ikkilisiya gida biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka muna kira ga fastoci da dattawa, su ɗauki dogon hutu a matsayin makarantar renon shugabanni. A sa ɗalibi ya zauna tare da dattawa biyu wajen ƙirga baiko, ya rubuta adadin da hannunsa, ya sa hannu. A ba wata ajin makarantar Lahadi na tsawon hutun gaba ɗaya, ta shirya darasinta, malamin ajin ya zauna a baya yana saurare. A ba 'yan aji biyar da 'yan manyan makarantu alhakin shirya darasin hutu ga yaran firamare, su tsara lokaci, su raba darussa, su nemi alli da kansu. Abu mafi muhimmanci kuma, idan hutu ya ƙare a kira su a ji rahoto. Me aka yi, me ba a yi ba, nawa aka kashe, ina saura? Aikin da aka ba yaro aka juya masa baya, wahala ce kawai. Aikin da ya san za a tambaye shi a kansa, shi ne yake koya masa riƙon amana. Idan ya yi daidai a yaba masa a gaban jama'a, idan ya yi kuskure a ja shi gefe a nuna masa, kada a mai da shi abin misali a kan bagade.

Bugu da ƙari, kada a bar 'yan mata a baya cikin wannan reno. Zumuntar mata ita ce ƙashin bayan ikkilisiyoyinmu da dama, kowa ya san haka, kuma shugabanninta na gobe suna aji huɗu da aji biyar a yau. Idan ba a koya musu rubuta rahoto da riƙe asusu da yin magana a gaban taro tun yanzu ba, yaushe za su koya?

Ga iyaye kuma, roƙonmu shi ne idan ɗanku ya dawo da labarin muƙami, bayan kun sa masa albarka ku zaunar da shi ku yi masa tambaya. Yaya kake yi da ƙananan da ke ƙarƙashinka? Kuɗin zumunta a hannun wa suke, wa kuma yake duba littafin? Ina sakamakonka na wannan zango? Uban da ba ya tambayar ɗansa irin waɗannan tambayoyi, kada ya yi fushi ranar da wasu suka tambaye shi su a gaban kwamiti.

Ku kuma ɗalibai, musamman ku da aka zaɓa a bana, ga shawararmu. Karatu ne ya kai ku makaranta, shi ne amanar farko da iyayenku suka ba ku, wanda kuwa ya ci amanar farko ba shi da bakin neman ta biyu. Shugaban zumunta da ya faɗi jarrabawa saboda sakaci ya ba waɗanda ke raina zumuntar abin faɗa. Duk kuɗin da ya shigo hannunku ku rubuta shi a ranar da ya shigo, kada kuma mutum ɗaya ya ƙirga shi shi kaɗai. Abin da manya suka yi muku kuna aji ɗaya wanda ya sa ku kuka, ku sa ya tsaya a kanku, kada ya wuce zuwa ga na baya. Ku tuna cewa Ubangijinmu a daren da aka bashe shi, ƙafafun almajiransa ya wanke. Ranar jarrabawa idan aka zo da satar amsa, ƙananan da ke kallonku za su ga ko kun miƙa hannu ko ba ku miƙa ba, kuma wannan darasin zai fi zama a zukatansu fiye da duk wa'azin da kuka yi a shekara. Idan malami ko fasto ya tsawata muku, kada ku ce ai yanzu ni shugaba ne. Dakta Kato yana Babban Sakatare ya bar kujera ya koma aji ya zauna a gaban malamai.

Akwai kuma gwaji na ƙarshe, wanda manya da yawa a ƙasar nan suka kasa ci, wato sauka. Shugabancin ɗalibi shekara ɗaya ne. Tun daga watan farko ku sa ido a kan wanda zai gaje ku, ku riƙa jansa a jiki, ku bar shi ya bi da taro kuna zaune. Ranar miƙa ragama ku ba da littattafai cikakku, kuɗi cikakku, ku koma cikin jama'a ku zauna. FCS ta fara ne a Gindiri a 1957, kuma dalilin da ya sa ba ta mutu da waɗanda suka fara ta ba shi ne kowane aji yana miƙa wa na bayansa. Wanda ya koyi sauka daga kujerar zumunta da farin ciki yana ɗan shekara 18, ba zai manne wa kujerar majalisar dattawa ko ta siyasa ba idan wa'adinsa ya cika.

Daga ƙarshe, muna yawan kuka cewa ba mu da shugabanni masu gaskiya, a ikkilisiya da kuma a gwamnati. Kukan yana kan hanya. Amma shugabannin da za mu samu nan da shekara 20 suna tare da mu yanzu, suna zaune a benci na baya ranar Lahadi sanye da rigar makaranta. Abin da muka ba su a hannu a wannan hutu, da tambayar da muka yi musu bayansa, shi ne za mu girba. Muna fatan kowace majalisar dattawa za ta sa wannan magana cikin jerin abubuwan da za ta tattauna a zamanta na gaba, ta fito da sunayen ɗalibanta, ta raba musu aiki kafin a rufe makarantu.

Allah ya ba 'ya'yanmu zuciyar hidima, ya ba mu iyaye da dattawa haƙurin renonsu. Amin.