Wasiyyar Kwamfuta da Darasinta ga Mai Nazarin Harshe

Ɗalibin da ya je Allakaye, a gundumar Buza ta jihar Tawa, ya naɗo Adaranci daga bakin dattawa, yakan dawo ya duƙufa wajen rubuta sautukan a kwamfuta. Idan allo ya rikiɗe shuɗi ana tsakiyar aiki, wahalar yini guda ta salwanta. Ya kamata mu san abin da na'urar ke yi a wannan lokaci.

Tsakanin babbar manhaja, irin su Windows, da sassan na'ura akwai ƙananan manhajoji da ake kira direbobi. Da masu nazarin harshe aka tuntuɓa, da tafintoci suka kira su, domin su ke fassara umarni zuwa abin da faifan ajiya zai fahimta. A zuciyar tsarin suke aiki, shi ya sa kuskurensu ke durƙusar da komai. Ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da na'urori kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft.

Abin lura shi ne, tsarin bai dogara da tafintan da ƙila shi ne mai laifi ba. Tun lokacin kunnawa Windows ke tanadin kwafi na biyu na direban faifai, ya kuma haddace wurin da fayil ɗin pagefile.sys yake. Da haɗari ya auku, wannan kwafi ne ke kwashe abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ya zuba can. Bayan an sake kunnawa sai a mayar da shi MEMORY.DMP. Linux kuwa kan keɓe wa tsarin kdump wani yanki na ƙwaƙwalwa.

Sai dai wannan wasiyya don injiniya aka rubuta ta, ya gano musabbabin haɗari. Ba za ta maido maka da rubutunka ba. Ƙari a kan haka, tana iya ɗauke da sunaye da kalaman waɗanda suka ba ka amanar muryarsu, don haka ba a tura ta ga kowa da ka.

Shawarata ga sashenmu ita ce, kada a sallami ɗalibi zuwa aikin fili sai ya nuna inda zai ajiye kwafi biyu, ɗaya a wajen kwamfutarsa. Dattijon da ya ba ka tatsuniya bana, babu tabbas ka same shi baɗi.