Amalanken Ƙanƙara da 'Yan Kurar Fagge

A shekarar 2018 aka ga tutar Nijeriya a PyeongChang ta Koriya ta Kudu, wajen wasannin Olamfik na lokacin sanyi, a cikin wani tsere da akasarin Kanawa ba su taɓa jin sunansa ba. Wani amalanke ne mai ƙafafun ƙarfe, ana tura shi a guje kamar mita 50, sa'an nan a faɗa ciki ya sulala bisa ƙanƙara da gudun da ya wuce kilomita 120 a awa.

Wadda ta ja ragamar 'yan Nijeriya ita ce Seun Adigun, haifaffiyar Chicago a 1987. Da ma 'yar tseren tsallake shinge ce, ta ci na Afirka a 2010, ta kuma je Olamfik na Landan a 2012. A 2016 ta harhaɗa amalanken katako a Houston, ta jawo Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, suka roƙi jama'a gudummawa ta intanet. A bayan layi suka ƙare, amma su ne 'yan Afirka na fari da suka shiga wannan tsere a Olamfik.

Yabo ya cancance su, ba shakka. Sai dai duk su ukun a Amurka aka haife su, makarantun can ne suka gano gudunsu suka raine shi. Ƙasar da ta yi ta guɗa ba ita ta yi noman ba, girbi kawai ta tarar.

Abin da wasan nan yake bukata a farkonsa ƙarfin ƙafa ne da ƙirji, kuma wanda ya tsaya bakin Kantin Kwari da hantsi, ko ƙofar kasuwar Sabon Gari, ya san ba a rasa su a Kano. Ga yaro nan ya ɗora jarkoki goma a kura yana ratsa lungunan Fagge da ita, ga wani da dilolin atamfa a baro. Ba wanda zai ce a kawo ƙanƙara Fagge, wannan wauta ce. Amma filin wasa na Kano Pillars yana nan a Sabon Gari, tafiyar ƙafa ce, kuma gwajin gudu agogo kawai yake so da malami mai ido. 'Yan mata kuwa, waɗanda irinsu ne suka ɗaga tutar, su ne aka fi mantawa da su idan an zo rabon fili da lokaci.